Tayil ko kabad: wanne ake fara sakawa a sabon gida?

Duk wanda ya kai gininsa matakin ƙarewa a Ƙaraye ko Rogo yakan ci karo da tambaya guda wadda da wuya a yi tunaninta ranar haƙa tushe: shin tayil za a fara shimfiɗawa sannan kafinta ya kafa kabad ɗin kicin da wadirof, ko kuwa kafinta zai fara, mai tayil ya biyo baya ya zagaye abin da aka kafa? Mai tayil yana son ya tarar da ɗaki fayau, kafinta kuma yana son ya gama ya karɓi cikon kuɗinsa, mai gida yana tsakiya, kuma shi ne zai zauna da sakamakon shekara da shekaru.

Amsar a taƙaice ita ce: abin da aka gina da bulo da siminti shi ke riga tayil, abin da aka yi da katako kuma shi ke bin bayan tayil. Akwai nau'in shimfiɗa guda da ya saɓa wa wannan, wato falankin da ake harhaɗawa a bisa ƙasa ba tare da an manne shi ba. Sauran wannan rubutu bayani ne kan dalilan ƙa'idar, da jerin ayyukan da ke gabanta, da abin da yanayi da al'adar yankin suka ƙara a kai.

Daga daɓe zuwa tayil

A ginin gargajiya na ƙasar Hausa wannan tambaya ba ta taso ba. Idan magina sun gama ɗaki, mata ne ke haɗuwa su yi daɓe. Ana zuba tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, a riƙa bugu da madaɓi har ƙasa ta kwanta, sannan a zuba ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa domin daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Sai ya bushe sarai ake yin jere. Gado da akwati da kwanuka da tasoshi duk abubuwa ne da ake ɗauka a ajiye, ba wanda ake kafewa a bango. Saboda haka ƙasa ce farko, kaya su biyo baya.

Da siminti ya yawaita, sai daɓen siminti ya maye gurbin na marmara, aka riƙa shimfiɗa leda ko kafet a kai. Kabad ɗin jeren kwanuka da ya shigo ɗakunan amare shi ma mai zaman kansa ne, ana jan sa a matsar. Abin da ya canza lamarin shi ne kicin irin na zamani, mai kanta a jikin bango da wurin wanke-wanke da durowoyi sama da ƙasa. Wannan tsari daga Turai ya fito. Kicin ɗin da wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara a 1926 domin gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus shi ake yawan ambata a matsayin mafarin kicin da ake kafewa. Daga lokacin da kabad ya zama wani ɓangare na gini, dole a tsai da wanda zai riga wani tsakaninsa da ƙasa.

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne maƙwabta a yammacin Jihar Kano, mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai, kuma su ne suka haɗa Masarautar Ƙaraye bisa dokar masarautu ta 2024. Mafi yawan gidaje a nan ba ɗan kwangila ɗaya ke gina su ba. Mai gida ne ke gini sannu a hankali, yau ya sayi bulo, bayan girbi ya yi rufi, baɗi ya yi filasta. Shi ke ɗauko birkila, ya nemo mai aikin famfo, ya kira kafinta, kowa da cinikinsa daban. Kayan aiki masu yawa kuma daga birnin Kano ake ɗauko su, katako daga 'Yan Katako ta Na'ibawa, kayan gini daga Ƙofar Ruwa da makamantansu. A irin wannan gini babu injiniya ko shugaban aiki da zai tsara wanda zai shiga bayan wane. Wannan nauyi yana wuyan mai gida, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ke gaban su biyun

Kafin a zo ga tayil ko kabad akwai ayyukan da idan aka tsallake su, babu jerin da zai yi amfani. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane, kuma a kicin maganar a zahiri take.

Na farko shi ne zanen kicin ɗin kansa, ko da a takardar makaranta ne: ina wurin wanke-wanke zai zauna, ina murhun gas, ina firji, ina taga. Daga wannan zane ne mai aikin famfo zai san inda bututun ruwa zai fito da inda na ƙazanta zai bi, mai wayarin kuma ya san inda zai sa soket. Ana binne waɗannan bututu kafin filasta da kafin daɓe. A kuma cika bututun ruwa a toshe bakinsa a bar shi ya kwana, a ga ko yana yoyo. Yoyon da aka gano a wannan rana gyaransa na 'yan mintoci ne. Wanda aka gano bayan an rufe da tayil sai an fasa ƙasa.

Na biyu shi ne kankaren ƙasa, wanda magina ke kira jaman fulo. Ana cike ɗaki da ƙasa a daddale ta, a zuba maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri da za ta tare danshin da ke tasowa daga ƙasa, sannan a zuba kankare. Ana so ƙasan ɗaki ya ɗara tsakar gida da aƙalla santimita 15, domin ruwan sama kada ya shigo. Kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa na aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa shi da shi.

Na uku shi ne layin ma'auni. Ana ɗaukar tiyo mai haske a zuba masa ruwa, a yi alama a bangon kowane ɗaki a tsayi guda, galibi mita ɗaya daga inda fuskar tayil za ta tsaya. Wannan layi shi ne shaidar da birkila da mai tayil da mai ƙofa da kafinta za su riƙa aunawa daga gare ta. Rashinsa ne ke sa a wayi gari ƙofa tana goga tayil, ko ƙasan banɗaki ya fi na ɗaki tudu.

Bayan haka sai rufi da silin da tagogi da filasta. Duk aikin da ke zubar da siminti ko farar ƙasa daga sama, kamar silin na POP da shafen bango, gara a gama shi kafin tayil, kuma lalle a gama shi kafin katako ya shigo. Ana iya yin fentin farko a wannan mataki, a bar na ƙarshe sai komai ya kammala.

Kabad na katako: tayil ne farko

Idan kabad ɗin na katako ne, ko filawud, ko allunan da ake kira MDF da HDF, ko na alminiyam, to a shimfiɗa tayil daga bango zuwa bango tukuna. Dalilai biyar ne.

Na farko ruwa. Aikin tayil aikin ruwa ne: ana kwaɓa siminti da yashi, ana jiƙa ƙasa, ana wanke fuskar tayil bayan an cike tsakaninsu. MDF garin katako ne da aka matse da gam, idan gefensa ya sha ruwa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake ko ya bushe. Kabad ɗin da aka kafa kafin mai tayil ya shigo yakan sha ruwa ta ƙafafu tun kafin a dafa ko shayi a kicin ɗin.

Na biyu tsayi. Kantar kicin takan kasance tsakanin santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa. Tayil na ƙasa kaurinsa kusan santimita ɗaya ne, kwaɓin da ake ɗora shi a kai kuma yakan kai santimita uku ko fiye idan kankaren bai daidaita ba. Idan kafinta ya auna 90 daga ɗanyen kankare, bayan tayil sai kanta ta koma 86 ko ƙasa da haka. Santimita huɗu kamar ba komai ba ne, amma matar da ke tsayuwa tana yanka da wanke-wanke kullum a bayanta za ta ji shi. Haka kuma murhun gas mai tanda ko ƙaramin firjin da aka bar wa gurbi a ƙarƙashin kanta zai ƙi shiga. Idan kuwa an riga an tura shi ciki kafin tayil, to ya maƙale, ranar da ya lalace sai an fasa tayil ko an ɗaga kanta.

Na uku rami. Idan tayil ya tsaya a bakin kabad, ƙasan da ke ƙarƙashinsa ya fi sauran kicin kwari. Duk ruwan da ya ɗiga daga bututun wurin wanke-wanke can zai taru, ba mai gani, sai wari ya tashi ko katako ya ruɓe. Wannan rami mai duhu da laima shi ne gidan kyankyasai da ɓeraye, kuma ta tsagar kankaren da ba a rufe ba gara ke samun hanya. Idan tayil ya ratsa har ƙarƙashi, ruwan yoyo yakan gangaro waje a gan shi da wuri.

Na huɗu bambancin shekaru. Tayil mai kyau da aka saka daidai yana iya daɗewa kamar ginin kansa. Kabad na allo ba ya kai haka, musamman a kicin da ake aiki da ruwa kullum. Ranar da za a canza shi, ko a matsar da shi, wurin da aka bari babu tayil zai fito fili. Samun irin wancan tayil ɗin bayan shekaru abu ne mai wuya, domin masana'antu na canza zane, kuma ko zane ɗaya ne, launi da girma sukan ɗan saɓa daga wannan gashi zuwa wancan. Kasuwar ma ba ta zama wuri ɗaya. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa tayil da filawud da kayan ɗaki cikin jerin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin waje ta hanyar hukuma, bai janye hanin ba sai a watan Oktoba na 2023. Tayil ɗin da ke kasuwa yau wani daga masana'antun cikin gida yake, irin na Ajaokuta a Jihar Kogi da na Jihar Ogun, wani kuma daga Sin ko Indiya ko Sifen ko Italiya. Abin da aka gani a shago bana ba lalle ne a same shi baɗi ba.

Na biyar kyawun aiki. A ɗakin da babu komai, mai tayil yana jan igiya ya raba ɗaki yadda yanke-yanke za su faɗa a gefe. Idan sai ya zagaye kabad, yanka ya yawaita, ɓarna ta ƙaru, injin yanka kuma yana watsa ƙura da ruwa a jikin sabon katako.

Wanda ya bi wannan jeri sai ya kiyaye abu biyu. A bar tayil ya kwana ɗaya ko biyu kafin a taka shi, a cike tsakaninsa, sannan a ƙara masa kwanaki kafin a ɗora masa nauyi. Ranar da kafinta zai shigo kuma a rufe ƙasa da kwali ko tsofaffin buhuna, domin guduma ɗaya da ta suɓuce ta isa ta tsaga tayil.

Kanta ta bulo: ita ce farko

Kicin da yawa a Kano da kewayenta ba da katako ake yin jikinsu ba. Birkila ne ke tada 'yan gajerun ginshiƙai na bulo, ya zuba kankare mai rodi a sama, a lulluɓe da tayil ko giranit ko mabul, sannan a sa ƙofofin alminiyam ko na katako a gaba. Wannan tsari ya dace da wurin da gara ke da yawa da kuma gidan da ake girki mai nauyi, domin bulo ba ya kumbura, ba ya ruɓewa.

Irin wannan kanta gini ce, saboda haka a kan kankare ake tada ta kai tsaye, kafin tayil. Fuskar tayil santsi gare ta, siminti ba ya kama ta sosai, kuma nauyin bulo da kankare a kan tayil ɗin da ke da ɗan rami a ƙarƙashinsa zai fasa shi. Jerin shi ne: a gina kanta, a yi mata filasta, a saka tayil ɗin bango da na saman kanta, a zo ga na ƙasa, ƙofofi su zo a ƙarshe.

Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Na farko, birkila ya auna tsayin kanta daga ɗanyen kankare ya manta da kaurin tayil da kwaɓinsa. Maganinsa layin ma'aunin nan da aka zana a bango. Na biyu, a bar cikin kantar da ɗanyen siminti saboda ba a ganinsa. Abin da ya fi shi ne a ɗaga cikin da kamar santimita biyar zuwa goma sama da ƙasan kicin, a saka masa tayil shi ma, a ɗan karkatar da shi zuwa waje. Da haka ruwan share kicin ba zai shiga ba, wanda ya zuba a ciki kuma zai fito.

Wannan ɗan dandamali yana amfani ko ga kabad na katako. Wasu kafintoci suna so birkila ya gina musu shi su ɗora kabad a kai, wasu kuma suna sa ƙafafun roba ko na ƙarfe masu murɗawa. Kowanne aka zaɓa, manufa ɗaya ce, kada katako ya taɓa ƙasar da ake wankewa da ruwa.

Sauran nau'o'in shimfiɗa

Tarazo, wanda ake gani a tsofaffin makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati, a wurin ake zuba shi, sannan a goge shi da inji ana zuba ruwa. Babu katakon da zai jure wannan, don haka tarazo yana riga kowane kabad na katako. Haka daɓen siminti zalla.

Falanki mai harhaɗawa, wanda ake yi da allo ko da roba mai kama da katako, shi ne ya saɓa. Ba a manne shi da ƙasa, yana kwance ne kawai, yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi. Shi ya sa ake bar masa tazarar kusan santimita ɗaya a jikin bango. Idan aka danne shi da kabad mai nauyi sai ya rasa hanyar motsi, ya yi tozo a tsakiya ko haɗinsa ya buɗe. Da wannan nau'i kabad ne farko, a ɗaga shi daidai kaurin falankin, sannan a shimfiɗa har bakin ƙafafunsa a rufe tazarar. Shawarwari da yawa da ake gani a intanet cewa a fara da kabad daga Amurka da Turai suke, inda wannan falanki da katakon ƙasa suka yawaita. Wanda zai saka tayil a kan kankare a Rogo bai kamata ya ɗauke su kai tsaye ba.

Leda da kafet kuwa su ne ƙarshen komai. Ba sa daɗewa, ana canza su, don haka ba a kafa wani abu a kansu.

Lissafin ragin kuɗi

Hujjar da aka fi bayarwa wajen fara kabad ita ce tsimi: me ya sa za a sayi tayil a ɓoye shi inda ba mai gani? Sai a auna abin da ake ragewa. A ɗauki kicin mai mita uku a mita uku, wato murabba'in mita 9. Zurfin kabad na ƙasa galibi santimita 60 ne. Idan ya bi bango biyu, na farko zai rufe murabba'in mita 1.8, na biyu 1.44, jimilla 3.24. Katan ɗin tayil mai santimita 60 a 60 akasari guda huɗu ne a ciki, wato murabba'in mita 1.44. Ke nan abin da aka rage katan biyu ne da ɗan ɗoriya, kuma wani ɓangare na wannan zai tafi a ƙarin yanke-yanke.

Wanda kuɗinsa ya gaza yana da hanya ta tsakiya. Zai iya saka tayil mai araha, ko ragowar yanke-yanke, a ƙarƙashin kabad, muddin fuskarsu ta yi daidai da ta sauran kicin, kuma tayil mai kyau ya shige ƙarƙashin kabad da kamar santimita goma. Wannan ya toshe matsalar tsayi da ta rami, sai dai bai toshe ta canjin tsari nan gaba ba. Ko wace hanya aka bi, a sayi ƙarin kashi goma cikin ɗari a kan abin da aka auna, a kuma ajiye katan ɗaya a sito domin gyara. Wannan ya fi muhimmanci ga mai gini a Ƙaraye ko Rogo, domin komawa Kano neman tayil uku kuɗin motarsa kaɗai zai ci wani kaso na ragin da aka yi.

Danshi, gara da lokacin aiki

Damina a wannan yanki takan kama daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko farkon Oktoba, hunturu kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Katako yana shan laimar iska da damina ya kumbura, ya bushe ya tsuke da hunturu. Ƙofar kabad da aka yi da ɗanyen katako aka daidaita ta a watan Agusta za ta iya buɗe baki a Janairu, wadda aka matse a Janairu kuma ta ƙi rufuwa a Agusta. Don haka a nemi busasshen katako, a bar shi ya yi kwanaki a cikin gidan kafin a yanka, a kuma bar wa ƙofofi 'yar tazara.

Shi ma ginin yana ɗauke da ruwa. Ƙa'idar saka tayil ta Birtaniya ta ce a bar sabon kankare mako shida, daɓen siminti kuma mako uku, kafin a ɗora tayil. Da zafin bazara abu kan bushe da sauri, amma da damina ko a ɗakin da ke rufe ba ya sauri. Akwai gwaji mai sauƙi: a shimfiɗa leda a kan kankare ko a jikin filasta, a manne gefenta, a bari ta kwana. Idan da safe an ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, to da sauran ruwa, kada katako ya matso.

Gidajen da ke kusa da fadama ko gaɓar ruwa sun fi buƙatar kula. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, a cikin Ƙaramar Hukumar Ƙaraye take, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, kuma a wurare masu kwari danshi yakan hau bango da damina. Alamarsa fenti mai ɓarewa da farin gishiri a gindin bango. Kada a jingina kabad da irin wannan bango sai an magance tushen danshin. Ko bango lafiyayye ne, yana da kyau a bar 'yar tazara tsakaninsa da bayan kabad domin iska ta ratsa.

Gara kuwa ta ƙasa take zuwa, tana bin tsaga da gefen bututu. Magabata sun zaɓi azarar giginya wajen rufi saboda gara ba ta cinta da sauƙi, amma allunan da ake kabad da su yau ba su da wannan kariya. Maganin da aka zuba kafin kankare, da tayil da ya rufe ƙasa gaba ɗaya, da toshe gefen kowane bututu, su ne katangar da ke tsakaninta da kabad.

Akwai kuma batun tukunyar gas. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta yi yoyo ƙasa take sauka ta taru a wuri mai kwari. Ramin da aka bari a ƙarƙashin kabad irin wurin ne. Mafi aminci a ajiye tukunyar a waje a jawo bututu ta bango, a kuma yi hujin tun kafin tayil ɗin bango. Idan dole sai a ciki, gurbinta ya kasance da mashigar iska ta ƙasa.

Wadirof da banɗaki

Ƙa'idar kicin ita ce ta ɗakin kwana. Wadirof na katako da ake kafewa a bango yana zuwa bayan tayil da siketin da fentin farko. Idan gurbinsa da bulo aka gina, gurbin ne farko, sannan a saka tayil har cikinsa. A guji kafa wadirof a bangon da banɗaki ke bayansa sai an tabbatar bangon ba ya jiƙa.

A banɗaki ana so ƙasa ta gangara zuwa magudana da kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, kuma ta yi ƙasa da ta ɗaki kaɗan. Masu aiki da yawa sukan fara da tayil ɗin bango su bar layin ƙasa, su shimfiɗa na ƙasa, sannan su cike layin da suka bari domin ya zauna a kan na ƙasa, ruwa ya gangaro ba tare da ya shige baya ba. Masai da wurin wanke hannu da kowace irin durowa bayan tayil ake kafa su.

Biki da jere

Al'adar aure ta ƙara wa batun wani nauyi. A ƙasar Hausa ango ne ke tanadar muhalli, iyayen amarya su kawo kayan ɗaki, kuma kayan mallakarta ne. Kabad ɗin kicin da wadirof sun faɗa a tsakiya: a wani gida ango ke yi a matsayin ɓangaren gini, a wani gida kuma dangin amarya ke turo kafintansu 'yan kwanaki kafin jere. Idan rana ta matso kuma gini bai kammala ba, sai a ga mai tayil da mai fenti da kafinta a ɗaki ɗaya a yini ɗaya. A nan ne ake kafa katako a kan jiƙaƙƙen siminti, sauri ya haifi nawa.

Abin da zai hana haka shi ne ɓangarorin biyu su yi magana da wuri kan wanda zai yi me. Kafinta ya zo ya auna bayan filasta da tayil, domin awon da aka ɗauka a ɗanyen bulo yakan ragu da santimita da dama. Zai iya harhaɗa kabad a shagonsa yayin da ƙasa ke bushewa, kafawa ta yini ɗaya ko biyu ce. Sannan tun da abin da dangin amarya suka kawo nata ne, ana iya cire shi wata rana saboda ƙaura ko wani dalili. Mai gidan da ya shimfiɗa tayil daga bango zuwa bango ba zai tarar da rami a kicin ɗinsa ba idan hakan ta faru. Haka lissafin yake ga mai gina gidan haya.

Idan an riga an kafa kabad

Wanda ya riga ya kafa kabad na katako a kan ɗanyen kankare yana da zaɓi biyu. Idan da sukurori aka ɗaure shi, kwance shi a ajiye a wani ɗaki har a gama tayil ya fi sauƙi kuma ya fi araha bisa ga gyaran baya. Idan ba zai kwantu ba, a naɗe ƙafafunsa da leda, mai tayil ya yi amfani da gam ɗin tayil maimakon kwaɓi mai kauri in ƙasar ta daidaita, ya tura tayil ƙarƙashi iya inda hannu ya kai, a cike ramin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke da siminti har ya zo daidai, a toshe haɗin kabad da tayil da silikon. A kuma fitar da firji da murhu daga gurbinsu kafin a fara, a tabbatar za su koma bayan ƙasa ta ɗaga.

Kafin a biya cikon kuɗi

Akwai abubuwan da mai gida zai iya dubawa da kansa ba tare da wani kayan aiki ba. Ya ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da kan mabuɗi: wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, a cire shi tun kafin kabad ya danne shi. Ya zuba bokitin ruwa a kicin da banɗaki ya ga inda ya nufa. Ya buɗe kowace ƙofa har ƙarshe ya ga ko tana goga ƙasa. Bayan an kafa kabad, ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba na 'yan mintoci, ya shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin bututu ya ga ko za ta jiƙe. Ya auna tsayin kanta a farko da tsakiya da ƙarshe.

Kuma tun wajen ciniki ya raba biyan kowane ma'aikaci gida-gida, ya riƙe wani kaso sai an yi wannan duba. Mai tayil ya miƙa ƙasa a gaban kafinta, su duba tare, domin idan aka ga tsaga daga baya a san a hannun wa ta faru. A ginin da babu shugaban aiki, wannan miƙawa daga hannu zuwa hannu ita ce kaɗai shaidar da mai gida zai riƙe idan gardama ta taso.